Kafin Alƙalamin Gidan Raino: Kuɗin Wa Ne Idan Magana Ta Canza?

A watan Fabrairun 2021 wani lauya ya yanki tikitin mota na naira 500 a tashar kamfanin Peace Mass Transit da ke Obollo-Afor, da niyyar zuwa Inugu. Ya zauna jiran fasinjoji har sa'o'i suka shuɗe mota ba ta cika ba, sai ya koma wurin mai yankan tikiti ya nemi a mayar masa da kuɗinsa ya kama wata hanya. Aka nuna masa ƙa'idar kamfani, cewa kuɗin da ya shiga ba ya fita. Lauyan ya garzaya Babbar Kotun Jihar Inugu, kuma a watan Afrilun 2022 Mai Shari'a C. O. Ajah ya yanke hukuncin cewa wannan ƙa'ida haramtacciya ce, domin ta saɓa wa dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye. Ya kuma umarci kamfanin ya biya diyyar naira 500,000.

Jaridu sun yi ta yayata hukuncin na 'yan kwanaki, sannan aka shiga wata sabgar. Amma kalmomin da kotun ta rushe suna nan daram a ƙasan rasit na gidajen rainon yara da makarantun nazare, a cikin garin Inugun kansa, da Anacha, da Fatakwal. A can kuɗin da ake ja-in-ja a kansa ya ninka naira 500 sau ɗari ko fiye, wadda ake yi wa gardamar kuma sau da yawa uwa ce mai goyo, wadda ba ta san lambar sashen doka ko ɗaya ba, wadda kuma gobe da asuba dole ta sami inda za ta ajiye jaririnta kafin ta tafi aiki.

Unguwannin Hausawa na waɗannan birane uku sun daɗe. Jirgin ƙasa da ya haɗa ma'adinin kwal na Inugu da tashar ruwan Fatakwal a 1916, daga baya ya miƙe zuwa Arewa ta Makurɗi, shi ya sauke fatake da mahauta da masu shanu a kan hanyarsa, kamar yadda kogin Kwara ya daɗe yana sauke su a Anacha. Har Inugu ta taɓa zaɓen Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinta na farko a shekarun 1950. A yau jikokin waɗancan mutane da sababbin zuwa suna zaune a wajejen titin Bida da Kan Gada a Anacha, da Asata da Garki a Inugu, da Diobu da Oyigbo a ɓangaren Fatakwal. A gefensu akwai wani rukuni da masu karanta wannan shafi suka fi sani: ma'aikatan tarayya da aka tura aiki, jami'an kwastan a tashar Onne, 'yan sanda, jami'an shige da fice, sojojin Runduna ta 82 a Inugu da ta 6 a Fatakwal, malaman kwalejojin tarayya da ma'aikatan asibitocin koyarwa.

Abin da ya haɗa ɗan kasuwar albasa da jami'ar kwastan shi ne rashin kaka. A Kano ko Katsina, idan mace ta gama hutun haihuwa, akwai uwar miji a tsakar gida, akwai gwaggo, akwai ƙanwa da ba ta yi aure ba; raino aikin dangi ne da ba a rubuta shi a takarda. A Anacha kuwa ɗaki ɗaya ne a gidan haya, dangi suna nisan tafiyar yini guda da kwana. Ma'aikaciyar tarayya tana samun hutun mako 16, mijinta kuma tun 2021 yana da kwana 14. Idan waɗannan suka ƙare, jaririn bai ko fara zama sosai ba. Dole ke nan ta kai shi gidan raino, kuma wanda dole ta kawo shi ba ya ciniki.

Kuɗin da ake karɓa a ƙofar shiga kala-kala ne, kuma masu gidajen sun fi so a dunƙule su wuri guda. Akwai na fom da rajista, wanda ba shi da yawa, kuma babu mai hankalin da zai ce a mayar da shi bayan an yi aikin da aka karɓe shi dominsa. Akwai kafin alƙalami na kama gurbi, wanda ake biya tun kafin a kawo yaro, wani lokaci tun yana ciki. Akwai kuɗin ajiya da ake cewa na ko-ta-kwana ne, idan yaro ya ɓata wani abu ko iyaye suka gudu da bashi, wanda sunansa ma ya nuna amana ce da za a mayar. Sannan ga kuɗin zango guda cur da ake biya gaba ɗaya tun ranar farko. Idan aka rubuta jimillarsu a layi ɗaya, aka buga hatimin "ba a mayarwa" a ƙasa, amana ta narke cikin kuɗin shiga ke nan, ba tare da an tambayi mai ita ba.

A ɗauka jami'a ce a Inugu, ta biya kuɗin zango da na ajiya a farkon Satumba. A tsakiyar Oktoba takardar sauyin wurin aiki ta iso daga Abuja, an ba ta 'yan kwanaki ta bayyana a Sakkwato. Ba ita ta zaɓi tafiyar ba, kuma ba ta da ikon cewa a jira ta sai Disamba. Ta je wurin mai gidan raino ta nemi ragowar wata biyu da rabi da kuɗin ajiyarta, aka nuna mata ƙasan rasit. Bayan mako guda an ba wani yaro gurbin, an karɓi sabon kuɗin zango da sabon kuɗin ajiya. Gado ɗaya, katifa ɗaya, mai raino ɗaya, an sayar da su sau biyu a zango guda.

Dokar da ta yi magana a kan wannan ba sabuwa ba ce. Ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta haifi hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Sashe na 120 ya ba mai saye ikon soke duk wani gurbi ko oda da ya kama tun da wuri, sai dai a cire masa ladan sokewa mai ma'ana. Dokar ba ta bar kalmar "mai ma'ana" a hannun mai karɓar kuɗi ba. Ta ce a duba irin hidimar, da tsawon sanarwar da aka bayar, da yiwuwar mai sana'ar ya sami wani abokin ciniki idan ya yi ƙoƙari, da abin da aka saba a wannan sana'a. Gidan rainon da ke da jerin masu jiran gurbi ba zai iya cewa ya yi asarar zango guda ba. Sashen ya ƙara da cewa ba a cire ko sisi idan wanda aka kama wa gurbin ya rasu ko aka kwantar da shi a asibiti. Wannan jumla ta ƙarshe tana da nauyi a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke kwantar da jarirai kullum. Akwai iyayen da suka binne ɗa, suka kuma ji kunyar komawa su tambayi kuɗin zangon da bai ci ba, mai gidan raino kuma bai aiko da shi ba.

Lauyan mai gidan raino zai ce, kuma da gaskiyarsa ta wani gefen, cewa dokar yarjejeniya da Najeriya ta gada daga Ingila ta bambanta kafin alƙalami na tabbatar da ciniki da biyan wani kaso na farashi, kuma ta yarda a riƙe na farkon idan mai saye ne ya janye. Haka abin yake a da. Sai dai sashe na 104 na dokar 2018 ya ɗora ta a kan kowace doka a sha'anin kare mai saye, in ban da kundin tsarin mulki, sashe na 129 kuma ya hana a gindaya wa ciniki sharaɗin da zai sa mai saye ya yafe haƙƙin da dokar ta ba shi. A kan waɗannan sassa ne hukuncin Inugu ya tsaya. Hukuncin babbar kotun jiha ne, kuma a kan tikitin mota aka yi shi, amma dokar da ya fassara ba ta ware hidimar raino daga hidimar sufuri ba.

Rigimar ta biyu ta fi ta kuɗin ajiya yawa, ta kuma fi ta wuyar kamawa: sauya sharuɗɗa bayan an riga an biya. An yi magana za a riƙe yaro har ƙarfe shida, sai a tsakiyar zango saƙo ya shigo zauren WhatsApp na iyaye cewa daga Litinin ƙarfe huɗu ake tashi, duk wanda ya wuce haka zai biya tarar kowace sa'a. An ce abinci yana cikin kuɗi, sai a ce yanzu kowa ya zo da nasa. An nuna wa uwa ɗaki mai masu raino uku, bayan wata guda biyu sun tafi ba a maye gurbinsu ba. Sai kuma ƙarin kuɗin dizal, ko na tsaro, ko na bikin ƙarshen shekara ga yaron da bai iya tafiya ba tukuna. Yarjejeniya ta mutum biyu ce, ɗaya ba ya sauya ta shi kaɗai. Wannan ƙa'ida ce da ɗalibin lauya ke koya a shekararsa ta farko a fannin. Masu wayo sukan sa layi a fom cewa hukumar makaranta tana da ikon sauya kowane sharaɗi a kowane lokaci. Irin wannan layi shi sashe na 127 ke nufi da ya hana sharaɗin da ya karkata ƙwarai ga ɓangare guda, sashe na 130 kuma ya ba mai saye ikon neman a gyara hidimar da ta gaza, ko a mayar masa da kason kuɗi daidai da gazawar. Hausawa sun taƙaita duk wannan tun kafin a kafa majalisa: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A Anacha da Inugu akwai wani sauyin da babu wanda ya rubuta shi a fom. Tun daga 9 ga Agustan 2021, lokacin da ƙungiyar IPOB ta ayyana zaman gida na ranar Litinin, kasuwanni da makarantu da yawa a yankin suka koma aikin kwana huɗu a mako. Gwamna Peter Mbah ya haramta zaman a Inugu daga Yunin 2023, gwamnatin Charles Soludo a Anambra ma ta sha yin kira da barazana, amma tsoro ba ya bin sanarwar gwamnati nan take. Babu mai zargin mai gidan raino da ta rufe ƙofa ranar da ake fargabar harbi; rufewar ma ita ce daidai, tunda ran yara ne a hannunta. Tambayar ita ce wa zai ɗauki asarar kashi ɗaya cikin biyar na hidimar da aka biya. Da aka shiga irin wannan hali a Birtaniya lokacin annobar korona, hukumar kula da gasa ta ƙasar ta rubuta wa gidajen raino a 2020 cewa karɓar cikakken kuɗi kan hidimar da ba a yi ba zai iya zama saɓa doka, sai dai a daidaita kan ɗan kaso da iyaye suka amince da shi. A nan kuwa, tun daga rufe makarantu na Maris ɗin 2020, al'adar ita ce asara ta bi iyaye gida.

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Mafi yawan gidajen rainon da ke kusa da unguwannin Hausawa ba manyan kamfanoni ba ne. Mace ce ta kama ɗakuna uku, ta ɗauki 'yan mata biyu ko uku, ta sayi katifu da fanka. Wasu Ibo ne ko Ikwerre, wasu kuwa Hausawa ne 'yan uwan iyayen, da suka buɗe ajin nazare a jikin makarantar Islamiyya. Saboda haka wanda zai mayar da wannan magana ta ƙabilanci ya ɓata hanya tun daga farko. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin komai ya tashi a kanta. A Afrilun 2024 an ɗaga farashin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, a Yulin shekarar mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Farashin da ta yanka a Satumba yakan zama asara kafin Nuwamba. Tana kuma da labaran iyayen da suka kwashe yaro da daddare da bashin wata biyu a kansu. Kuɗin ajiya bai faɗo daga sama ba, irin waɗannan ne suka haife shi.

Duk wannan hujja ce ta ƙara kuɗi a zango mai zuwa, da sanarwa a kan lokaci, da ba iyaye damar cire ɗansu ba tare da tara ba idan sabon farashin ya fi ƙarfinsu. Hujja ce ta riƙe kuɗin wata guda a madadin sanarwa. Ba ta kai hujjar cinye amana ba, ba ta kuma kai hujjar abin da ya fi kowanne muni ba, wato mayar da yaro jingina: a hana uwa ɗaukar ɗanta da yamma sai ta biya ƙarin da ba ta amince da shi ba, ko a ware shi gefe a hana shi abincin rana, ko a riƙe takardunsa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohin Anambra da Ribas da Inugu duk suka yi irin tata, ta buɗe da cewa maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk abin da ya shafe shi. Bashi tsakanin manya ne.

Me ya sa doka mai ƙarfi haka ba ta isa titin Bida ba? Abu na farko harshe ne. Fom ɗin da Turanci yake, da ƙananan haruffa, uban da ya sa hannu kuma watakila ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta lissafin buhunansa da ajami ba kuskure, amma bai san abin da layi na goma sha huɗu ya ce ba. Akwai tsohuwar dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta a karanta wa mutum takarda a fassara masa kafin ya dangwala. Sai dai a 1962, a shari'ar kamfanin PZ da wasu 'yan kasuwa biyu na Arewa, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce wanda ya iya karatun Larabci ba ya cikin waɗanda dokar ke karewa, ko da Turancin takardar bai shiga kansa ba. Wasu hukunce-hukuncen sun ɗauki wata fassarar mai sassauci, amma darasin yana nan: ilimin Bahaushe na iya zama dalilin hana shi kariya. Dokar 2018 ta toshe wannan ɓaraka da sashe na 114, wanda ya ce bayani ya zo da harshe mai sauƙi da talakan da aka yi hidimar dominsa zai fahimta, da na 128, wanda ya ce sharaɗi mai hatsari ga mai saye a jawo hankalinsa gare shi a fili kafin ya biya.

Sai rashin takarda. Da yawa daga cikin waɗannan cinikayya da baki ake yin su, a tura kuɗi ta wurin mai POS zuwa asusun wani ɗan uwan mai makaranta, ba rasit ba shaida. Sashe na 118 ya wajabta wa mai sana'a ba da rubutacciyar shaidar ciniki, amma uban da ke ganin neman rasit rashin kunya ne ga maƙwabciya ba zai nema ba. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ta san aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ita ce ke jin nauyin cewa a rubuta.

Dalili mafi zurfi kuwa shi ne zaman baƙunta. Mutanen da suka ga abin da ya faru a Anacha a Fabrairun 2006, lokacin ramuwar gayya kan kashe-kashen Maiduguri, har dubbai suka fake a barikin soja ko suka tsallaka gada zuwa Asaba, da waɗanda suka ga rikicin Oyigbo a Oktoban 2020, sun koyi cewa ƙaramar gardama tana iya girma ta wuce masu ita. Uba zai gwammace ya bar dubu hamsin da ya ɗaga murya a ƙofar makarantar 'yar gari. Wannan haƙuri ne da ake yabawa a bakin masallaci, amma yana da farashi, kuma wasu sun gane cewa akwai abokan cinikin da ba sa kai ƙara. Wannan tarihi ɗin dai shi ke bayyana dalilin da iyali kan tattara kaya a tsakiyar zango idan jita-jita ta yi ƙarfi, ko zaɓe ya gabato. Tafiyar ba ta son rai ba ce, kamar yadda rufe ƙofa ranar Litinin ba na son rai ba ne. Idan an yi wa mai makaranta uzuri da tsoro, iyaye ma sun cancanci irinsa.

Ga waɗanda gidan rainonsu na jikin Islamiyya ne, akwai wata hujjar da ta fi sashen doka saurin shiga kunne. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna abin da suke kira arabun, wato kuɗin da mai saye ke bayarwa a kan idan ya fasa ya zama na mai sayarwa. Mazhabar Malikiyya, wadda Arewa ke bi, ta hana shi, tana ganinsa cin dukiyar mutane ba da wani musaya ba. Hambaliyya ta halatta, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuma a 1993 ta amince da shi bisa sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Ko a ra'ayi mafi sauƙi, babu wanda ya ce kuɗin da aka karɓa da sunan ajiya ya zama halal don kawai an buga hatimi. Limaman unguwannin sun san wannan babi sarai, da wuya dai a ji shi a huɗuba.

Hanyoyin neman haƙƙi suna nan a rubuce. Sashe na 146 ya ce mai saye zai iya fara komawa ga mai sana'ar, ko ya kai kuka ga hukumar da ke kula da fannin, ko ga FCCPC, ko ya tafi kotu kai tsaye. Inugu tana da cibiyar kare haƙƙin jama'a da sasanci a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kotunan ƙananan basussuka da Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo a 2019, sun bazu zuwa jihohi da dama, ba sa kuma buƙatar lauya. Amma jami'ar da aka mayar Sakkwato ba za ta dawo Inugu zaman kotu kan kuɗin da bai kai na motar zuwa da dawowa sau biyu ba, mai gidan raino kuma ta san da haka. Tsarin da ya dogara ga kowane uba ya zama kamar lauyan Obollo-Afor tsari ne da aka gina don ya gaza.

Nan ne aikin ya dawo Abuja, kan teburin mutanen da ke rubuta takardun da shugabanni ke sa wa hannu. FCCPC ta nuna tana da haƙora: ta fafata da kamfanonin bashi ta waya, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a 2024. Ba ta buƙatar sabuwar doka kafin ta fitar da ƙa'idar shafi biyu ga gidajen raino da makarantun nazare, wadda za ta ce a rubuta kowane kuɗi da sunansa a layinsa, a mayar da na ajiya cikin ƙayyadaddun kwanaki, kada abin da za a riƙe ya wuce kuɗin lokacin sanarwa, kada a ƙara farashi a cikin zangon da aka biya, kuma takardar sauyin wurin aiki ta zama uzuri karɓaɓɓe. A fassara ta da Hausa da Ibo da Turancin buroka, a karanta ta a rediyo. Ma'aikatun ilimi da na mata na jihohi, waɗanda ke ba da lasisi, su sa ta cikin sharuɗɗan sabunta rajista. Dokar Haƙƙin Yara ma tana da kashi guda da ya ɗora wa jihohi ajiye rajistar masu rainon yara ƙanana, wanda ba kasafai ake tuna shi ba. Ingila tun 2007 ta wajabta a ajiye kuɗin ajiyar 'yan haya a ƙarƙashin tsarin da mai gida ba shi da iko a kansa shi kaɗai. Zai yi wuya a kai ga haka a ɗaki uku na Diobu, amma manyan makarantun da ke karɓar miliyoyi ba su da uzurin cakuɗa amanar iyaye da kuɗin dizal.

Akwai kuma laifin da ke wuyan gwamnatin tarayya a matsayinta na mai ɗaukar aiki. Ita ce ke tura mace mai goyo daga wannan kusurwar ƙasa zuwa waccan a tsakiyar zango, ita ce kuma ke da sakatariyoyi a manyan biranen jihohi da za a iya ware ɗaki biyu a cikinsu don rainon 'ya'yan ma'aikata. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya da hukumomin masu kaki za su iya daidaita sauyin wurin aikin da ba na gaggawa ba da hutun makarantu, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

A unguwannin kuwa akwai ofishin da ya riga FCCPC da shekaru masu yawa, wato zauren Sarkin Hausawa. A can ake sasanta rigimar dillali da mai shanu, da ta direban tirela da mai kaya, kuma shugabannin gari da 'yan sanda sun san ƙofarsa. Rigimar gidan raino ba ta cika isa can ba, domin ana ganinta maganar mata ce, kuɗin kuma bai kai na buhun wake biyu ba. Da hukumar za ta aika jami'inta na shiyya ya zauna da sarakunan Hausawan Anacha da Inugu da Fatakwal, da shugabannin ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN, da na ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu, a fito da fom guda mai harshe biyu wanda kowa ya yarda da shi, da uwar da aka riƙe wa kuɗi ta sami wanda zai yi mata magana ba tare da ta tsaya ita kaɗai a ƙofar makaranta ba. Kwafin hukuncin Mai Shari'a Ajah yana rajistar Babbar Kotun Inugu, tafiyar mintuna kaɗan daga masallacin titin Owerri.